Diddigen Munzali

Kwana biyar da haihuwa, ranar Talata,
ungozoma ta hawo benenmu a Sheffield,
lemarta na ɗiga a bakin ƙofa.
Ta ɗumama ƙafar Munzali a tafinta,
ta tsikari diddige, ta ɗiga jini a kati,
ta manna auduga, ta ce shi ke nan.

Ashe ba shi ke nan ba.

Da la'asar na cire safa, ta jiƙe.
Na sake auduga, na yi salla, na dawo,
ja ya kuma hudowa a tsakiyar fari.
Da kwarara yake, da na yi kururuwa.
Tsattsafowa yake kamar tsagaggiyar randa,
ba ka ganin zubarta, sai dai gindinta ya yi laka.
Na ɗaga riga: cibiya ma tana naso.
Kumburin bayan kunnensa, da na ce wahalar naƙuda ce,
ya rine kamar an tsoma shi a baba.

Sabi'u na can yana tuƙa bas ɗin dare.
Ban jira shi ba. Na naɗe ɗana a bargo biyu,
tasi ta gangara da mu tudun nan mai santsi,
babban yatsana a kan diddige, ban ɗaga ba.

Likitar mace ce mai furfura, Marwood.
Ta buɗe jan littafinsa ta bi layi da biro:
an yi masa allurar bitamin ranar haihuwa,
to ba nan gizo ke saƙar ba.
Suka ɗebi jini, suka haska kansa da na'ura,
ni kuwa ina ƙirga fale-falen silin.

Sai ta jawo kujera, gwiwarta dab da tawa:
"A danginki, ta wajen uwa,
akwai namijin da jininsa ba ya tsayawa?"

Bakina ya ce babu.
Kirjina ya ce Isiyaku.

Yayana. Shekara bakwai. Kaciyar hunturu a Gumel.
Sa'o'insa sun warke suna cin gasasshiyar kaza,
shi yana jiƙa tabarma kwana uku.
An barbaɗa toka, an daka bagaruwa,
an sha rubutu, an yi hayaƙi.
Da aka kai shi makwanci, aka nemi mai laifi,
yatsu suka nuna Talle mai ƙosai,
wai ita ta kama masa kurwa.
Ta bar gari da ƙullin kaya, ba ko sallama.

Shekara ashirin da shida,
sai a nan, ƙarƙashin fitilar da ba ta ƙiftawa,
aka ba abin sunansa: himofiliya.
Jini, in ji ta, masaƙi ne,
in fata ta yage, shi ke yin ɗinki.
Na ɗanki zare na takwas ne babu a ƙoshiyarsa.
Mata ke ɗaukar sa shiru, maza ke biya.
Ba laifinki ba ne. Ta faɗa sau biyu.

Suka nemo jijiya sirit a bayan hannunsa,
suka zuba masa zaren da bai zo da shi ba,
ruwa ne garau, bai cika cokali ba.
Kai lafiya, in ji hoton.
Kafin asuba auduga ta kwana fara.
Sabi'u, da rigar aiki, ya riƙe ta yana kallo
kamar wanda aka miƙa wa takardar gado.

Ranar suna babu aska a gidanmu.
Kaciya sai likitoci sun shirya, da magani a hannu.
Na kira Inna, layin yana yankewa.
Na ce a kai 'ya'yan Barira maza a gwada su,
kada wanzami ya taɓa kowa tukuna.
Ta yi shiru, ina jin awaki a bayanta.

Na ce, Inna, Talle tana da rai?

Ta ce, an ce tana Maigatari, ta makance.

Na ce, a nemo min lambar jikanta.
Munzali ya motsa a cinyata,
ya shure ni da diddigen nan, busasshe.